Kalmar da Malam Tijjani Bai Buga Ba

Duk wanda ya taɓa neman a rubuta masa takarda da Turanci a Ƙauran Namoda, in dai ba haihuwar jiya ba ne, ya san Malam Tijjani mai tafireta. A gindin wata darbejiya yake zama, kusa da tsohon gidan waya, da ɗan teburinsa da benci guda na masu jira. Dogo ne siriri, gashin bakinsa fari fat, kuma ba ya son a taɓa masa tafireta ko da ɗan yatsa ne. Shagunan kwamfuta sun cika garin, matasa duk can suke tururuwa, amma dattawa da masu gadi da ungozomomi da masu sharar asibiti ba su daina zuwa wurinsa ba. A ganinsu masu kwamfuta bugawa kawai suka iya. Malam Tijjani kuwa ya san abin da ake faɗa wa hukuma ta ji.

Ɗan gidan malamai ne daga Shinkafi. Mahaifinsa magatakardan alƙali ne, kuma cikin 'ya'yansa tara Tijjani kaɗai aka kai boko, ba don an fi sonsa ba, sai don ranar da aka zo ɗaukar yara shi ne ƙaya ta soke a ƙafa, bai iya gudu ba. Da ya gama makaranta ya sami aikin ƙaramin akawu a tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, inda layin dogo ya ƙare. Lokacin tashar na tashe. Gyaɗa da auduga da fatu, har da shanu, duk nan ake lodinsu a yi kudu da su.

A nan ya haɗu da kalmar da ta zama tasa. Wata shekara buhunan gyaɗa suka taru a fili har suka fi rufin ofis tsawo, ga damina ta kunno kai, ga babu taragu. An aika saƙo sau biyu, shiru. Sai babban akawu, wani mutumin Offa mai jin Hausa kamar a nan aka yanke masa cibiya, ya kira Tijjani ya ce ya rubuta abin da zai faɗa masa a buga ta wayar tangaraho. Saƙon gajere ne, a ƙarshensa akwai wata kalma da Tijjani bai taɓa ji ba: expedite. Kwana uku tsakani sai ga jirgi da taragu goma sha biyu, babu komai a ciki sai jiran kaya.

Tijjani ya tambayi ma'anarta. Babban akawu ya nuna masa wani jaki da aka yi wa dabaibayi a bayan tasha, yana tsalle-tsalle yana neman ciyawa. Ya ce masa aiki ma haka yake, wani lokaci ba ƙin tafiya ya yi ba, ƙafafunsa ne a ɗaure, kalmar kuwa roƙo ce a kwance masa igiyar ya tafi. Wataƙila taragun nan dama suna hanya, wa ya sani? Amma saurayi ɗan shekara ashirin ba ya irin wannan tambayar. Shi dai ya ga an buga kalma, ya ga jirgi ya zo.

Tun daga ranar bai sake rabuwa da ita ba. Ya san ta ciki da bai, kuma yana kishinta. In wani ɗan boko ya yi kuskuren amfani da ita a gabansa, sai ya ajiye abin da yake yi ya gyara zama.

"Ba a yi ma mutum ita, ba a yi ma dabba," in ji shi. "Ba ka ce ma ɗanka shi yi expedite zuwa kasuwa. Aiki aka yi ma, ko takarda, ko shari'a, abin da ka da matakai yam maƙale tsakiya. Kuma ba sauri ta ka nuhi ba. Sauri shina ɓata aiki. Ita cewa ta kai a kau da abin da yat tare hanya."

Yakan ƙara da cewa kalma ce mai nauyi, ba a jefa wa babba ita tsirara, sai an sa mata kalmar ladabi a gaba. Masu zuwa wurinsa ba su damu da duk wannan karatun ba. Ko sunanta ba su iya faɗa. In ya kusa ƙarshen takarda sai mutum ya matso ya rage murya ya ce, "Malam, ka sa min mai zahin nan." Shi kuma ya ɗaga yatsa sama, ya buga ta harafi bayan harafi, yana jin daɗin ƙarar.

Jirgi ya yi ta raguwa har ciyawa ta rufe dogo, aka sallame su. Ya sayi tafireta a gwanjo, wata tsohuwa mai harafi ɗaya da yake ɗan tsalle sama da layi, ya kafa tebur a gindin darbejiya. Matarsa Ummusalma ta ɗinka wa tafiretar riga da ragowar atamfa. Sun haifi huɗu, uku sun koma tun suna goye, Hanifa kaɗai ta tsaya. Ta yi aure a Gusau, auren bai daɗe ba ya mutu, babu rabo. Ta dawo gida, ta ce ita ba za ta zauna jiran bazawari ba, ta shiga makarantar koyon aikin ungozoma. Shekarar da ta gama, a shekarar Ummusalma ta rasu, kuma a shekarar aka tura Hanifa aiki wani ɗan asibiti a Tungar Ɗanbaba, wani ƙauye can gaba da Gurbin Bore.

Gida ya zama na Malam Tijjani shi kaɗai. Ɗaki biyu, da tsakar gida mai faɗi wanda da bai taɓa lura da faɗinsa ba. An yi ta ba shi shawarar ya ƙara aure, ya ce to, bai yi ba. Maƙwabciyarsa A'isha takan aiko masa da tuwo, ya ci rabi, ya rufe rabi ya ɗumama da safe. Abin da ya fi ci masa rai ba yunwa ba ce. Ya saba in ya dawo da la'asar ya zayyana wa Ummusalma koken da ya rubuta a ranar, ita kuma ta yanke hukunci tun kafin hukuma ta yanke. Yanzu sai ya shigo da labari a bakinsa, ya yi sallama, ya tsaya, ya haɗiye abinsa. Kewa ta dame shi, kuma shi ba mutumin da zai faɗa wa kowa haka ba ne.

Ga kuma tsoro. Hanyar Zurmi ta lalace da 'yan bindiga, yau a ce an tare mota, gobe a ce an shiga wani ƙauye an kore shanu. Duk sanda ya ji an ambaci wancan yankin a rediyo sai abinci ya fita ransa. Saboda haka da Hanifa ta cika shekara a can, ta zo hutu, ya zaunar da ita ya ce za a nema mata canjin wurin aiki a dawo da ita Ƙaura. Ba ta musa ba, har ƙwalla ta yi, don ita ma a lokacin a ƙage take. Ya sayi takarda mai kauri, ya sa sabon zare a tafireta, ya tsara wasiƙar da ya tabbata bai taɓa tsara irinta ba. A ƙarshe ya buga kalmarsa, ya ja mata layi a ƙasa. Hanifa ta sa hannu, shi da kansa ya kai ofishin da ke kula da ma'aikatan lafiya na yankin.

Ya ba abin mako biyu. A cikin mako biyun ya sa aka yi wa ɗakinta sabon shafe, ya canza labule, ya gyara ƙafar gadon da ta karye.

Ranar Alhamis ta uku ya je jin labari. Akawun da ke karɓar takardu ya duba littafi ya ce, "Tana bisa teburin Oga." Malam Tijjani ya fito yana murmushi. Teburin Oga fa! Takardun wasu suna can ƙasa ana juya su, tasa ta haye sama kai tsaye. Wata ya wuce, wani ya bi. Duk Alhamis sai ya rufe tafireta da hantsi, ya saka babbar riga, ya je ya ji amsar nan guda. Ya rubuta takardar tuni, ya sake rubuta wata, har shida, kowace da kalmar, ta ƙarshe ma layi biyu ya ja mata.

Cikin wannan jiran ne aka kashe layukan waya a jihar. Da can ko ba komai yana jin muryarta duk Juma'a, tana tsaye a kan wani tudu inda waya ke kamawa. Yanzu wannan ma ta yanke. Sai ya koma zuwa tashar motocin Zurmi, yana bin direbobi ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko wani ya ji labarin Tungar Ɗanbaba. Wasu su ce lafiya lau don su rabu da shi, wasu su ce ba su bi ta can ba. Yakan koma gida ya buɗe ɗakinta, ya kaɗe ƙurar gado, ya rufe. Da aka dawo da waya, abin da ya fara ce mata shi ne ta ƙara haƙuri, takarda ta kusa. Ta ce to, Baba. Daga baya ya lura ta daina tambaya, amma ya ɗauka haƙurin ne ta yi.

Shekara biyu da wata uku ana haka. Ran nan wata abokiyar karatun Hanifa, Barakatu, ta biyo ta gindin darbejiya ta gaishe shi, ta ce an dawo da ita Ƙaura daga Moriki. Ya taya ta murna, sannan ya tambayi wanda ya rubuta mata takarda, don ya san ba shi ba ne. Ta yi dariya ta ce ita ta rubuta abarta da biro, a fallen littafin makaranta, layi biyar. Kwana goma sha ɗaya aka amsa mata.

Malam Tijjani bai iya buga ko harafi ɗaya ba sauran yinin. Fallen littafi, da biro. Zuciyarsa ta raya masa an yi hanya ne, ko kuma wani ne ke ƙin jininsa a ofishin. Washegari, ba Alhamis ba, ya je ya tsare Maigari, tsohon masinjan ofishin, wanda suka san juna tun zamanin jirgi. Maigari ya ce masa ya ɗan dakata. Ya jira aka kira azahar, ma'aikata suka fita alwala, sannan ya ja shi zuwa ofishin Oga, ya buɗe da makullin shara.

A kan teburin akwai jar jaka ta kwali, ta cika ta batse har an ɗaure ta da igiya. A ƙasa kuma akwai wasu biyu irinta.

"Ka gane ta nan," in ji Maigari. "Tsohon Oga yas sa doka, dut takardar da anka ce a gaggauta, a sa ta jar jaka, shi kaɗai ka taɓa ta. Lokacin nan kullum shina nan, ran da taz zo ran nan shika sa hannu. Da anka canza shi, wanga sabon can Gusau yab bar iyali, sai wata-wata shika leƙowa, shi sa hannu ga abin da anka miƙa mai tsaye, shi juya. Sauran takardu mataimaki ka duba su dut Alhamis. Amma jar jaka ba shi da iko da ita, kuma ba wanda yat tashi dokar."

"Mi yah hana ka hwaɗa min?"

"Malam, ni masinja na. Kuma kullum in an ce maka tana bisa teburin Oga, murna naka gani kana yi. Ina zan hwara?"

Malam Tijjani ya kwance igiyar. Wasiƙar Hanifa tana can tsakiya, gefenta ya fara ja, takardun tuni shida suna manne da ita. Amma ba ita kaɗai ce tasa a ciki ba. Da ya ci gaba da buɗawa sai ya ga harafin nan nasa mai tsalle sama da layi, a wannan, a waccan, a ta bayanta. Mai gadin da ya nemi a ba shi hutun jinya, ungozomar da ke son a gyara mata rufin ɗakin haihuwa, mai sharar da ta nemi a mai da ita kusa da 'ya'yanta. Fiye da rabin abin da ke cikin jakunkunan nan daga gindin darbejiya ya fito. Duk sun roƙe shi ya sa musu mai zafi, shi kuma ya sa.

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da yake. Ya mayar da igiyar ya ɗaure kamar yadda ya same ta, ya yi wa Maigari godiya, ya wuce masallaci.

Washegari ya buga sabuwar wasiƙa, layi shida, babu ado babu kalma. Ya aika wa Hanifa ta hannun wani direba ta sa hannu, ya ce mata kawai an ce a sabunta. Bai faɗa mata gaskiya ba, bakinsa ya kasa. Sauran mutanen ma ya bi waɗanda ya iya tunawa, ya sake buga musu, yana cewa tsarin ofis ne ya canza. Kwana tara tsakani Maigari ya zo har gindin darbejiya da ambulan. An amince. Hanifa ta kama aiki a Ƙaura cikin kwana talatin, in ta wuce haka a ɗauka ta bar aiki.

Bai kira ta a waya ba, ya fi son ya ga fuskarta. Ya sa takardar a aljihun ciki, ya hau motar Zurmi da sassafe, daga can ya sami wata zuwa Gurbin Bore, sannan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da shi ta cikin gonakin gero. Duk tsoron hanyar da ya shekara biyu yana ji, ranar bai tuna da shi ba.

Asibitin ɗaki biyu ne da rumfa. Mata sun kai goma a ƙarƙashin rumfar, wasu da ciki, wasu da goyo, Fulani da Hausawa. Ya tsaya daga nesa yana kallon 'yarsa. Ta yi baƙi, ta rame kaɗan, amma tana tafiya kamar mai gari. Ya ji tana yi wa wata matashiya faɗa da Fulatanci, harshen da bai san ta iya ba, matar tana dariya tana rufe baki. Da ta hango shi ta saki abin da ke hannunta ta rugo, ta durƙusa ta gaishe shi. Sai da ta sallami matan nan duka sannan ta kai shi gidan da take zaune, gidan wata tsohuwa Inna Kulsumu, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo fura.

Ya ciro ambulan ya miƙa mata. Ta karanta, ta kai ƙarshe, ta koma farko. Yana jiran ta ɗago da murna. Ta ninke takardar a hankali ta ɗora a cinya.

"Baba, da bara takardar ga taz zo, ko takalmi ban tsayawa ɗauka."

"To yanzu mi yas samu?"

Sannan ta gaya masa. Akwai wani malamin firamare a garin, Muhtari, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu, ga tsohuwarsa da ba ta gani. Tun shekarar farko yake nemanta, tana ce masa ita baƙuwa ce, yau ko gobe za ta tafi. Shekara biyu tana faɗa masa haka, shi kuma bai nemi wata ba. Da ta ga takarda ta ƙi fitowa, sai ta ɗauka Allah bai nufa ba. Watan jiya ta ce masa ya turo magabatansa Ƙaura bayan girbi. Wasiƙar da aka aiko ta sa wa hannu kuwa, ta sa ne don kada ta ɓata wa mahaifinta rai, ba ta zaci za ta yi wani abin da takardun tuni shida ba su yi ba.

"Kuma matan ga, Baba, in nit tahi ba a aiko musu wata. Kahin in zo, bisa amalanke aka kai mai naƙuda Gurbin Bore. Wasu ba su kaiwa."

Malam Tijjani ya kalli ƙwaryar furar. Yana iya cewa a'a. Shi ne uba, kuma ya san Hanifa, in ya ce ta tattara kayanta za ta tattara. Da la'asar aka kira Muhtari ya zo ya gaishe shi. Malam Tijjani ya ƙare masa kallo yana neman aibu, ya tambaye shi asali, ya tambaye shi karatu, har Turanci ya gwada shi da shi. Abin haushi, bai sami komai ba.

Da zai tafi washegari Hanifa ta rako shi har inda ɗan kabu-kabu ke jira. Ta ce tana son a rubuta wa ofis a janye canjin, a bar ta inda take, kuma dole amsa ta fito kafin kwana talatin su cika, in ba haka ba sai ta koma Ƙaura ko ta rasa aikin gaba ɗaya. Ta ce ba ta yarda kowa ya rubuta mata ba sai shi. Ya ce ta zo ranar Litinin ta sa hannu.

Ranar Litinin ta same shi a gindin darbejiya, ta zauna a bencin masu jira kamar kowa. Ya cire wa tafireta rigarta, ya ninke, ya zura takarda. Ya buga adireshi, ya buga gaisuwa, ya buga buƙatar a layi huɗu. Bai taɓa jin haruffan nan da nauyi kamar ranar ba. Da ya kusa ƙarshe sai Hanifa ta matso, ta rage murya kamar yadda ta sha ji ana yi tun tana ƙarama.

"Baba, ka sa min mai zahin nan. Lokaci ya ƙure."

Yatsansa ya tsaya a sama. Ba ta san komai game da jar jaka ba, daga shi sai Maigari suka sani, Maigari kuwa ba zai buɗe baki ba. Haruffa takwas ne. In ya buga su, takardar nan za ta je ta kwanta a kan 'yan'uwanta, kwana talatin su cika, Hanifa ta dawo ɗakinta mai sabon shafe. Ba za ta taɓa zarginsa ba, ita ce ma ta roƙa. Za ta ce Baba ya yi iyakar ƙoƙarinsa, hukuma ce ba ta amsa ba. Zai dawo da la'asar ya yi sallama a amsa masa. Ya so hakan, ya so shi har cikin ƙashinsa, kuma ya san in ya yi ba wanda zai kama shi.

Ya tuna fuskarta a ƙarƙashin rumfar nan, tana faɗa da Fulatanci. Ya sauke yatsan, ya murza takardar zuwa ƙasa, ya buga rufewa da sunanta, ya zare ya miƙa mata da biro.

Ta karanta, ta ɗago. "Baba, ba ka sa ba."

"Wagga ba ta bukata."

"Kai da kac ce ita ka kwance ma takarda ƙahwa?"

"Sa hannu, ɗiyata, kar motar Zurmi ta cika ta bar ki."

Ta sa hannu. Shi ya kai takardar da kansa, ya tsaya har ya ga akawu ya jefa ta cikin kwandon takardun Alhamis. Kwana takwas aka amsa.

Bayan girbi magabatan Muhtari suka zo, aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Tijjani, gidan ya cika da mata kwana biyu, sannan aka kwashe amarya da kayanta aka yi Tungar Ɗanbaba. Gadon da ya gyara wa ƙafa ma da shi aka tafi, shi ya ce a ɗauka.

Har yanzu yana nan a gindin darbejiya, ko da yake idonsa ya fara rauni, benci kuma yakan yini babu kowa. In wani ya matso ya ce a sa masa mai zafi, sai ya ce an daina yayinta, ya ci gaba da bugu. Duk Juma'a bayan masallaci yana zama a tsakar gida da waya a hannu, yana jiran Hanifa ta hau tudu. Wani makon ta kama, wani makon ba ta kamawa. Labulen ɗakinta yana nan a rataye, yakan buɗe ƙofar ya share, ko da yake yanzu babu abin kaɗewa a ciki.